Ranar Da Aka Ce In Jira A Waje

Autata ba ta ji sosai tun tana ƙarama. Da na'urar kunne take ji, sauran kuma a leɓen mutum take karanta shi. Shekara goma sha takwas ni ce bakinta. Duk taron da aka kira a makarantarsu ta sakandare, ni ke zuwa da jakar takardu, in yi ta faɗa har malamai su gaji su sa hannu. Babanta har tsokanata yake, wai lauyar McLeansville, ƙauyen da muke zaune a gefen Greensboro.

Da ta sami jami'a a nan Greensboro, na san idan ba a yi mata tanadi ba, zangon farko za ta faɗi, don aji ne na mutum da yawa, malami can nesa. Na ci gayu, na ɗauki jakata, muka tafi ofishin da ke kula da ɗalibai masu larura.

Matar ofishin ta tambayi Auta abin da take buƙata, na amsa. Ta sake tambayarta, na sake amsawa. Sai ta yi murmushi ta ce a jami'a doka ta tanadar wa ɗalibi taimako, amma shi zai nema da bakinsa. Ko zan ɗan jira a waje?

Raina ya ɓaci. Yarinyar da ko gaisuwa a gidan Hajiya maƙwabciyarmu sai na zungure ta? Na koma mota ina ta sababi ni kaɗai, kuma gaskiya tsoro ne ya kama ni.

Auta ta fito da takarda. Kujerar gaba, rubutu a ƙasan duk bidiyon da za a nuna, mai ɗaukar mata bayanin darasi. Duk na san waɗannan. Layi na ƙarshe ne baƙo a wurina: kada malami ya yi magana yana fuskantar allo.

"Wannan fa, wa ya saka?"

"Ni," ta ce.

Da yamma ina wanke-wanke, ruwa na zuba, ina ba ta labari kamar kullum, yadda za ta yi da malamai, abin da za ta ce. Na ji an taɓa kafaɗata.

"Mama, please. Ke ma in kin juya baya, ba na jin komai."

"Tun yaushe?"

"Tun da. Sai dai in ce to."

Na tuna duk hirar da na zuba a gaban famfon nan, labarin mahaifiyata, nasihohi, har addu'o'in da nake mata. Duk bango na faɗa wa, ita kuma tana ta cewa to don kada in ji babu daɗi.

Na kashe famfo, na goge hannuna da zani, na juyo.

"To, zauna," na ce. "Daga ina zan faro?"

Ta ja kujera tana dariya, idonta a kan bakina. "Daga Kaka."