Matar da kansil ta aiko wa maigidana

Shekarun baya, lokacin da kuɗin fetur ya sa mutanen gida suna shigowa Landan sayen gwal da akwatuna, ni ina can unguwar Lewisham ina jinyar maigidana. Ban yi boko ba. Jikata ce ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Ya daɗe yana aikin wanke bas, sai wata safiya ɓarin jikinsa ya shanye. Mutum ne dogo mai jiki. Ni ke ɗaga shi, ni ke masa wanka da alwala, har bayana ya soma ƙin miƙewa. Likita ya ce ko dai mu yarda a riƙa turo mai taimako gida, ko a kwantar da shi a asibitin tsofaffi, inda sai ranar ziyara zan gan shi.

Kansil, wato ƙaramar hukumar unguwarmu, ta aiko wata Baturiya 'yar ƙasar Ayalan, ƙatuwa, hannuwanta jajur. Na leƙa, na mayar da ƙofa. A ce Najeriya na iyo a cikin kuɗi, mijina na cin sadakar Turawa? Da wane ido zan kalli danginsa?

Maƙwabciyata, mutuniyar zangon Kumasi wadda ke mini tafinta, ta shigo tana faɗa. Ita kowa "kai" ne a bakinta.

"Yaya, kai wane irin mutum ne? Ba sadaka ba ne. Duk sati ana yanka a albashin mijinka domin irin wannan rana. Adashi ne, yanzu ɗaukarsa ta zo."

Na ce, "Adashin da ban taɓa ganin uwar adashi ba?"

Ta ce, "To ga ta can a waje ruwan sama na dukanta."

Na buɗe. Matar nan ta ɗaga shi cikin lallashi, tana yi masa hira kamar yana jin Turancinta. Da za ta tafi na zuba mata tuwo da miyar kuka a kwano, na ɗaure da ɗankwali. Ta ƙi karɓa. Wai doka ta hana su karɓar kyauta, za a iya korarta. Raina ya ɓaci. Na ce wa maƙwabciyata ta gaya mata wanda ya ƙi abincina ba zai taɓa mijina ba, kada ta dawo.

Da suka fita, maigidana, wanda kalma ɗaya ke masa wuyar fita, ya kama zanina da hannunsa mai lafiya. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya ce, "Bayanki." Ashe duk ɗagawar da nake masa yana jin nishina.

Washegari Baturiyar ta dawo, ni kuwa na buɗe mata. Da ta gama gyara shi, ta ɗauki kwanon abincinsa ta zauna a bakin gado. Ta ce wa maƙwabciyata dokar ba ta hana ta ɗanɗana abincin majinyaci ba, don ta ji ko ya yi zafi. Ta ɗanɗana cokali ɗaya, ta ba shi ɗaya, ta sake ɗanɗanawa. Yaji ya sa hawaye na zuba mata, ba ta ajiye cokalin ba. Ranar na ji dariyar maigidana, a karkace, karon farko tun da ya kwanta. Daga nan na riƙa zuba masa abincin mutum biyu.

Har yau ba na son a ba ni abu ban mayar ba, kuma a wannan shekarun nawa ba zan sake hali ba. Amma na san girman kaina ya kusa raba ni da shi. Ba a kai shi asibitin nan ba. A ɗakinsa ya cika, kansa a cinyata, Baturiyar kuma tana tsaye a bakin ƙofa ta yafa mayafina. Allah ya jiƙansa.