Kalangun Sammani a Filin Ƙwallo

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Singa ya san Malam Sammani mai ɗinkin buhu, wani ɗan siririn dattijo mai hula zanna da ta ga duniya. Kakansa daga Gashuwa ya zo Fagge fatauci ya zauna. Amma ɗinkin buhu na neman abinci ne kawai. Da la'asar ta yi, sai ya ajiye basilla, ya rataya kalangunsa, ya nufi gidan dambe na Sabon Gari. A can ne yake cikakken mutum. Kowane ɗan dambe yana da takensa a hannun Sammani, kuma idan wani ya kai abokin karawarsa ƙasa, wato ya yi kisa, gular kiɗansa kan riga bakin 'yan kallo shelar abin.

Sai ƙwallo ta zo ta kwashe masa mutane. Ba rana ɗaya ta yi ba. Da fari gidan kallo ɗaya ne a layinsu, daga baya kowane lungu ya samu nasa, da allo a ƙofa an rubuta wasannin Turai da alli. Ranar Asabar sai ka ga bencinan gidan dambe sun fi mutane yawa. Yana tsaka da kiɗa sai ihun "gol!" ya taso daga bayan katanga ya haɗiye sautin kalangun gaba ɗaya. Har 'yan damben ma wasu da rigar ƙwallo suke zuwa, mai sunan wani Bature a baya.

Matarsa Hajja ta ce, "Malam, ka rataye abin nan haka. Jiya fa ka ce kai da mai rake kaɗai kuka rage."

"Da mai gyaɗa," in ji shi. "Kalangun nan ba zai mutu a jikin ƙusa ba, Hajja. Tunda jama'a sun koma ƙwallo, can zan bi su."

Ya samu Ikrima, wani mai shagon atamfa da ke shugabantar magoya bayan kulob ɗin unguwarsu, Taurarin Fagge. Ikrima ya sosa ƙeya. "Baba, muna da ganga da ƙahon roba. Amma zo ranar Lahadi, muna da wasa da 'yan Sabon Gari. In yara sun ji daɗinka, ka zama namu. In ba su ji ba, kada mu ji kunyar juna."

Da yake bai taɓa kallon ƙwallo daga farko zuwa ƙarshe ba, sai ya je wurin tsohon amininsa Toma, mutumin Wusasa, mai gyaran rediyo a Kasuwar Sabon Gari. Toma ya jera batura a kan tebur ya yi masa bayanin raga da kwana da satar gida da fenariti. Sammani yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Na gane, na gane," irin gyaɗawar da mutum kan yi wa likita.

Ranar Lahadi filin ya cika maƙil, har kan katanga da rufin adaidaita sahu. Rabon Sammani da ganin taro haka har ya manta. Ya matse kalangu a hammata ya fara, matasa suka shiga rausaya, Ikrima ya ɗaga masa babban yatsa. Toma kuwa yana can tsallake cikin mutanensa.

Ana cikin haka ɗan gaban Sabon Gari, Chidiebere, ya yanko da ƙwallo har gaban raga. Wani ƙaton mai tsaron bayan Fagge ya kwashe masa ƙafa, ya zube rim da ƙasa.

Sammani bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Hannun da ya shekara talatin yana abu ɗaya shi ya yi aikinsa. Ya miƙe zumbur ya saki taken kisa, yana kirari da iyakar muryarsa: "Ya kashe shi! Namiji uban maza! Ƙara masa in ya tashi!"

Sai da ya kai tsakiyar kirarin ya lura shi kaɗai ke murna a ɓangarensu. Alƙalin wasa ya nuna fenariti, ya ba wa gwanin na Sammani katin gargaɗi, ya kuma juyo ya yi wa makaɗin wani irin kallo. Aka buga, ta shiga.

"Baba, na wa kake ne?" wani ya yi ihu. "Ko 'yan Sabon Gari ne suka yi hayarka?"

Ikrima ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, a nan in ka kayar da mutum laifi ne. Ko za ka je gida ka huta?"

"Wasa ɗaya ka ba ni. An tashi?"

"Ba a tashi ba."

"To ina nan."

Ya zauna, ya cusa gular a ƙarƙashin cinyarsa ya danne, ya zuba wa filin ido. Bayan hutun rabin lokaci aka kayar da ɗan gaban Fagge, ya kwanta yana riƙe da ƙauri. A dambe magana ta ƙare ke nan, makaɗi ba ya yi wa wanda ke ƙasa kiɗa. Amma Sammani ya ga babu wanda ya fice, jama'a sai kiran sunan yaron suke, shi kuma yana dafa ƙasa yana neman miƙewa. Duk take-taken da ya gada babu na wanda ya faɗi zai tashi ya ci gaba. Sai ya zaro gular ya ƙirƙiro shi nan take, a hankali kamar lallashi, yana ƙara sauri yadda yaron ke ɗagowa. Kafin ya tsaya da ƙafafunsa, mai ganga ya kama, masu ƙaho sun shigo, duk ɓangaren Fagge na tafi a kan kiɗan.

'Yan Fagge ba su farke ba, ɗaya da nema aka tashi. Amma matasa da sabon taken suka fita a baki har bakin titi.

Ikrima ya tare shi a ƙofa. "Baba, Lahadi mai zuwa muna da wasa. Sharaɗi ɗaya, a samu wanda zai riƙa riƙe maka hannu in an yi ƙeta."

Toma, da ya tsallako yana dariya har da hawaye, ya ce, "Ni zan riƙe. Amma ranar da kuke wasa da mu, sakin sa zan yi."

Yanzu Asabar ta dambe ce, shi da mai rake da mai gyaɗa da duk wanda Allah ya kawo. Lahadi kuma ta ƙwallo. Hajja ta ce har yanzu in jikansu ya yi tuntuɓe a tsakar gida, sai ta ga hannun Malam ya zabura, sannan ya tsaya yana tunanin wane kiɗa ne ya dace.