Direban da Ya Tare Kusa da Tashar Nukiliya

Mijin yayata direba ne a hukumar makamashi. Aikinsa ya kwashi injiniyoyi ya kai su wani fili a bayan gari, inda ake shirin gina sabbin tashoshin wutar lantarki na nukiliya, ya kwantar da kujera ya yi ta gyangyaɗi har su gama aune-aunensu. Da ɗan abin da kunnensa ya tsinto a hanya ya zama masani.

Ko gaisuwar rasuwa aka je sai ya kawo zancen riyakta, wato tukunyar da wutar ke fitowa daga cikinta. Wai sababbin ƙanana ne, a masana'anta ake ƙera su, a ɗoro a tirela, kuma da kansu suke hucewa in sun yi zafi. "Mun" yake cewa: mun auna, mun tsara, mun amince. Mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu sai ya kira maƙwabci.

Da ya yi ritaya sai ya tattara iyali ya koma bakin filin nan, ya yi ɗaki biyu jikin shingen waya. Janaretansu ma kyauta ya bayar.

Yayata ta ce, "Baban yara, a bar shi mana ko don firji."

Ya ce, "Ke dai ba ki san ci gaba ba. Wa ke ajiye kyandir a gidan rana?"

Ya sa aka jera masa soket har a banɗaki. Ya sayi fanka, ya rataye ta da ledarta.

Ana nan sai binciken ƙasa ya nuna ruwan wurin ba zai wadatar ba, aka mayar da shirin wani yanki mai nisa. Ba wanda ya tuna ya gaya masa. A bakin masu cire allon sanarwa ya ji.

Na je duba su kwanan baya. Yayata tana fifita da murfin kwali, yara sun tafi cajin waya a kantin bakin titi. Na tambaye shi ko zai dawo cikin gari.

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Auta, ai mataki na biyu nan za mu dawo da shi. Mun riga mun tattauna."

Yayata ta ce in zo da motar kaya ranar Asabar, ita dai ta gama.