Ranar da Yaya Ya Aike Ni Gidansa

Yayana matuƙin jirgin saman soja ne, amma da za ka gan shi a kasuwar Sauka Kahuta da ke Minna da ƴarsa a kafaɗa yana zaɓen tumatir ɗaya bayan ɗaya, ba za ka ce ya taɓa riƙe ko sitiyarin mota ba. Mu biyu iyayenmu suka rasu suka bari. Shi ya riƙe ni har na gama karatu, na fara koyarwa a wata firamare a Bosso, na kama ɗaki kusa da ita. Auta yake ce mini, har gaban ɗalibaina.

Wurin aikinsa ba a Minna yake ba. Iyalinsa kuwa, matarsa da ƴan matansu uku, a Sauka Kahuta ya ajiye su kusa da surukarsa, don ya ce ba zai riƙa jan yara daga bariki zuwa bariki ba. In ya samu hutu, kafin ya zauna ya tuɓe kaki ya zura wata tsohuwar jallabiya. Shi ke yi wa yaran wanka, shi ke tsefe musu kai, suna kuka yana ba su haƙuri. Ran Asabar ya kwashe su zuwa madatsar ruwa ta Tagwai wajen wani tsohon masunci da suka saba, su dawo da kifi, tufafinsu duk laka, Anti, wato matarsa, tana faɗa yana dariya. Zancen jirgi kuwa ba ya yi. In ka tambaye shi sai ya ce, "Aiki ne kawai," ya kawo wata hirar.

Wata Laraba ce da damina. Na dawo daga makaranta, na yi azahar, na zauna a baranda ina ɓarar gyaɗa. Hadari ya haɗu ta gabas amma bai sauko ba. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Layinmu ba ya rabo da ƙarar keke napep da hayaniyar ɗaliban jami'a, amma a lokacin ko kaza ban ji ba.

Sai ga Yaya a tsakar gida. Bai yi sallama ba, shi da tun daga bakin titi ake jin sallamarsa. Yana sanye da koren kayan da suke tashi da su, waɗanda sai a hoto na taɓa ganinsa da su. Daga gwiwa zuwa ƙasa a jiƙe yake, takalmansa sun yi kaca-kaca da taɓo, ga wani wari kamar na ɗanyar ciyawa da aka cinna wa wuta.

Na miƙe na ce, "Yaya! Yaushe a gari?"

Ya ce, "Auta, ba ni ruwa."

Na ɗebo masa a kofin silba. Ya karɓa da hannu biyu, ya kafa kai, ina kallon maƙogwaronsa yana motsi. Bai zauna ba, bai kuma kalli fuskata ba, bangon da ke bayana yake kallo.

"Ki tashi ki tafi gidan, ki zauna da Antinki. Kada ki kira ta a waya. Ki je kawai."

"Lafiya dai, Yaya?"

"Ƙaramar tana tsoron tsawa," in ji shi.

Na shiga ɗaki in ɗauko mayafi. Da na fito babu kowa. Kofin yana kan dakali, cike fal da ruwa. Na leƙa waje, layi ya cika da mutane kamar kullum. Na tambayi mai shagon da ke ƙofarmu ko ya ga fitar wani soja, ya ce tun ɗazu yana nan, ba wanda ya shiga, ba wanda ya fita.

Na tari keke na tafi gidan. Na tarar da Anti tana tankaɗe. Ta yi mamakin ganina a tsakiyar mako. Da na tambaye ta ko Yaya ya zo, ta yi dariya ta ce sai ƙarshen wata, ai da asuba ma sun yi waya. Na ɗauki ƙaramar na ɗora a cinya.

Ba a jima ba aka yi sallama. Tsohon masuncin nan ne, da kifi a ƙaramin bokiti. Hausarsa ba ta nuna sosai ba.

Ya ce, "Madam, oga ya ce in kawo wa yara."

Anti ta ce, "Ya kira ka ne, Baba?"

"A'a, ya zo bakin ruwa. Yanzu-yanzu. Ya tsaya nesa, bai zo kusa ba."

Anti ta juyo ta kalle ni. Ban iya haɗa ido da ita ba.

Bayan la'asar ruwa ya sauko da tsawa, yarinyar ta ƙanƙame ni. Cikin ruwan nan wata mota ta tsaya a ƙofa. Hafsoshi biyu suka shigo tare da limamin unguwa, hulunansu a hannu. Suka ce tun da hantsi jirgin su Yaya ya faɗa cikin wata fadama mai nisa daga nan, a cikin hadari, shi da abokin tafiyarsa. Ba wanda ya fita da rai. Anti ta sulale, ni na tare ta kafin kanta ya bugi ƙasa.

Na je wajen wani malami daga baya na ba shi labari. Ya saurara har na gama, ya ce kada in zurfafa bincike, in yi ta yi masa addu'a. Haka nake yi. Amma na bar ɗakin nan na Bosso, don na kasa sake zama a barandar. Na koma wajen Anti, muka riƙe yaran tare.

Sai da ta fita takaba na gaya mata. Muna zaune a tsakar gida da yamma, na faɗa mata komai, har warin ciyawar.

Can ta ce, "Ya je wajenki, ya je wajen Baba mai kifi. Ni bai zo mini ba."

Na ce, "Anti, ki yi haƙuri. Da ban faɗa ba."

Ta girgiza kai. "Da ya shigo gidan nan, da na riƙe shi, ba zan sake shi ba. Ya san halina."

Ta share ido da bakin zaninta, ta tashi ta tafi ɗauko yaran daga islamiyya.