Ranar da na hana ɗiyata amsa tambayar baƙi

A wancan lokaci ni tela ne a kasuwar Dogon Dutsi, mai ganin kansa da wayo, na ɗauka kowace ƙofar biro, wato ofis, da dabara ake buɗe ta. Ina da ɗiya mai shekara tara. Tun haihuwa ƙafafunta ba sa ɗaukarta, harshenta kuma da nauyi, sai ka yi haƙuri kafin kalma ta fito. Amma kanta yana ja. Uwarta ta koya mata ƙirga har hamsin, tana kuma gane baƙaƙe a jikin kwalin sabulu. Sau biyu ina goya ta zuwa lakwal, makarantar boko, sau biyu darakta yana ce mini yara sun yi wa mushe, malamin aji, yawa, kuma babu mai ɗaukarta in za ta kewaya.

Sai muka ji wani furoje, wato shirin taimako, zai biya malamai su riƙa bin irin waɗannan yara har gida suna koya musu. Wata huɗu ina haɗa takardun dosiye, har Matankari na je neman takardar haihuwarta. Ana saura kwana biyu masu tantancewa su zo, wani abokin sana'ata ya ce mini masu nema sun yi yawa, wanda ya fi ban tausayi shi ake ɗauka. Na hau kai na zauna. Na ce wa yarinyar in baƙi sun zo kada ta amsa komai, ta langaɓe kai, ta bar yawu ya zuba. Uwarta ta ce in ji tsoron Allah, na ce ba ta san aikin biro ba.

Su biyu suka zo, mace da namiji. Matar ta durƙusa gaban yarinyar, ta tambayi sunanta, ta jera tsakuwa biyar ta ce ta ƙirga. Na ga bakin ɗiyata yana motsi. Ta dube ni, na girgiza kai, ta yi shiru. Har na ƙara da cewa yarinyar ko uwarta ba ta cika ganewa ba.

Bayan mako uku amsa ta zo. Malami na yaran da za su iya bin darasi ne, ita kuwa an sa ta cikin masu jiran keken guragu. Na garzaya biro na faɗi gaskiya. Mutumin da na tarar ya ce sunaye sun riga sun tafi Yamai, sa'annan ya tambaye ni wace maganar tawa zai yarda da ita, ta jiya ko ta yau. Da na koma gida ɗiyata ta ga fuskata, ta daɗe tana kokawa da harshenta kafin ta ce, “Baba, ban yi daidai ba ne?”

Shekara biyu ke nan. Furojen ya tashi, keken ma bai zo ba. Har yau in baƙo ya yi sallama sai ta langaɓe kai ta yi shiru, ko da ban dube ta ba.

Na gane ba tausayi take bukata ba, a ga abin da ta iya take so, ni kuma na rufe shi da hannuna. Iyaye masu yara irin tawa, ku faɗi gaskiyar ɗanku ko da za a hana ku. Ƙaryar da kuka shirya don baƙi, yaron ne zai riƙe ta bayan sun tafi.