Hannuwan Dudu a Jikin Bango

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata Dudu, kuma har yau ban yafe wa waɗanda suka ɗaure mata mahaifa ba tare da sun tambaye ta ba. Ni ma ina cikinsu.

Dudu kurma ce. Da hannu muke hira tun muna yara, hirar da mu biyu kaɗai muka san kanta. Idan za ta ambace ni, haƙoranta na gaba take taɓawa, saboda wushiryata.

Lokacin da rikici ya koro mu Jimeta tana da tsohon ciki, mijinta kuma bai fito da rai ba. Naƙuda ta yi tsanani, aka ce sai an yi mata aiki. Aka miƙo mini takarda na dangwala babban yatsa, don a lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba. Jaririn bai zo da rai ba. Ranar da za a sallame mu wata ma'aikaciya ta ja ni gefe ta ce, "Adda, mun rufe mata haihuwar gaba ɗaya. Irin wannan wa zai taya ta raino?" Na haɗiye maganar, ban faɗa wa Dudu ba. Dudu ta sake aure a Nassarawo, tana ɗinka rigunan jarirai tana tarawa, ni ina kallo.

Shekara guda kafin ta rasu, wata mata ta zo ɗaukar fim a kan rayuwar naƙasassu 'yan gudun hijira. Ni na yi wa Dudu tafinta. Ta daɗe tana magana da hannu, ni kuwa na kawar da ido na ce, "Ta ce ta gode wa likitoci."

Watan jiya aka nuna fim ɗin a wani zaure a Yola, bayan azahar, an saki labule. Yanzu na yi makarantar yaƙi da jahilci, ina karatu da kaina. Sai ga Dudu a jikin bango, ta ninka girmanta, sanye da gyalen da ke cikin akwatina. A ƙasanta an rubuta ƙaryata: na gode wa likitoci. Hannuwanta kuwa wani abu suke faɗa. Ta shafa mara. Ta ƙulla igiya a iska. Ta ɗaga babban yatsa, ta dangwala shi a tafin hannu. Ta taɓa haƙoranta.

Ashe ta sani. Duk shekarun da take zuba mini abinci, ta sani.

Daga nan ta juyo, idonta ya sauka daidai layin da nake zaune, ta yi alamar da take mini idan ta gaji da jira a kasuwa: faɗa musu. Mutane suka yi tafi.

Yau ina ganin kurame matasa a bakin titi suna hira da hannu ta waya, suna dariya. Da Dudu na nan, da ta so abin. Amma na san ta, za ta tambaya ko har yanzu 'yan uwa ne ke dangwale a madadin mai jiki.

Ba ta bar ɗa ba, rigunan ma an rabar. Abin da ta bari shi ne wannan magana, kuma idan na mutu babu mai karanta ta.

Washegarin ranar da aka nuna fim ɗin, da safe na hau keke napep zuwa masaukin matar da ta ɗauke shi. Na ce, "Hajiya, fassarar nan ƙarya ce, kuma ni na yi ta. Kunna mini daga farko." Na buɗe littafina na makaranta, na fara rubuta abin da Dudu ta ce.