Jan Fenti a Bangona

Tun da aka rufe masaƙarmu na koyi abu ɗaya: duk wanda ya shigo unguwa da riga mai ƙyalli yana tambayoyi, rabon kaya na biye da shi. Ko shinkafa, ko katifa. Kuma wanda ya fi kuka shi ke samu.

Don haka ranar da wata budurwa da abokan aikinta suka shigo layinmu a Kudenda, kowa da faffaɗar waya, na san abin yi. Ta ce taswirar wuraren da ambaliya ke ci suke haɗawa a kwamfuta, wai za a mai da Kaduna birni mai wayo. Birnin da famfonsa ya manta kamannin ruwa.

"Baba, ina ruwa ya tsaya a gidanka bara?"

Gaskiya iyakarsa idon sawu. Na ɗora hannu a maƙogwaro.

"Har nan, Baba?"

"'Yata, ba don na yi ɗage ba, da ta'aziyya kika zo."

Ta ɗauke ni hoto a haka.

Maƙwabcina mutumin Binuwai ne, tsohon ma'aikacin gwamnati. Gidansa na gangare da nawa, duk damina a ɗakina yake ajiye talabijin ɗinsa. Amma yana da 'yan haya, ba ya so su gudu. Ya ce mata ko kaza ba ta taɓa jiƙewa a gidansa ba.

Na ce, "Oga, in katifa ta zo kar ka leƙo."

Ya ce, "Malam, a ofis na tsufa. Ba a kai wa fom kuka."

Katifa ba ta zo ba. Masu bokitin jan fenti ne suka zo, suka duba waya, suka tsallake gidansa, suka zabga wa bangona alamar rusau. Gidan da shi kaɗai masaƙa ta bar min.

Na sami budurwar a ofishinsu. Ga layinmu a allo kore shar, gidana kaɗai ja, kamar an tofa goro.

"'Yata, ƙarya na yi. Idon sawu ne."

"Baba, bayanai sun riga sun hau. Hotonka ma shi muke nuna wa baƙi a taro. Har tafi suke yi."

"To a sauke ni."

"Sai ka kawo shaida daga layinku."

Na koma wurin maƙwabcina. Ya ce, "Haba Malam! In na ce ruwa ya kai maka idon sawu, za su tambaye ni ina ya kai min."

Makon jiya hadari ya haɗu, sai ga shi da talabijin rungume a ƙirji, yana sallama a ƙofar gidan da aka shafa wa fenti. Na karɓa hannu bibbiyu, na tura ƙarƙashin gado, na sa wa ɗakin kwaɗo.

Na ce, "Oga, ranar da ka raka ni ofis, ranar za ka ga labarai."